Fayil ba ya da ƙafa: yadda ake riƙe takardun ofishin gwamnati kada su ɓace

Ɗan yayata ne ya same ni gida a Aboabo ranar Juma'a bayan la'asar, fuska a murtuke, wai an tura shi hidimar ƙasa wani ofishin gwamnati a nan Kumasi amma sai aka jefa shi rajistiri, ɗakin da ake ajiye fayil-fayil, shi da ya yi shekara 4 a jami'a. Ya ce Kawu, ƙura kawai nake shaƙa tun safe har yamma. Na yi dariya har shayina ya kusa zubewa, don ni ma a irin wannan ɗakin gashina ya yi fari kafin in ajiye aiki. Na ce masa bari in rubuta maka abin da na sani, sauran yaran zango da ake turawa asambile, wato ofisoshin ƙananan hukumomi, da asibitoci da ofisoshin ilimi su ma su gani, tunda an fi jefa sababbin zuwa can.

Da farko dai ka cire a ranka cewa takarda kake wa aiki. Leƙa waje ka ga bencin nan da ke bakin ƙofa. Akwai tsoho da ya hawo motar haya ta trotro har biyu daga Tafo yana bin kuɗin fanshonsa, akwai malamar makaranta da ƙarin girmanta ya maƙale, akwai mai shago a Alabar da ke neman izinin gini. Duk ranar da aka ce wa ɗayansu "ba a ga fayil ɗinka ba, je ka dawo jibi", kuɗin mota ya tafi, cinikin ranar ya tafi, kuma daga nan ne ake fara raɗa masa cewa in ya ɗan ga wane da 'yan sidi fayil zai fito. Ni dai a shekaruna ban taɓa ganin fayil ya tashi ya yi tafiya da kansa ba. Wani ne ya ɗauka, kuma ba wanda ya rubuta.

To ga inda ake farawa. Duk takardar da ta shigo ofis, ko wasiƙa ce daga Akra ko ƙorafin wata tsohuwa da jikanta ya rubuta mata da biro, kafin kowa ya karanta ta sai an buga mata hatimin ranar da ta iso, a ba ta lamba, a shigar da ita babban littafi. Layukan littafin ba su da yawa: lamba, ranar zuwa, daga wa, kwanan watan da ke jikin takardar, maganar me take yi a taƙaice, wane fayil aka sa ta, wa aka miƙa wa. Shikenan. Dubi mai susu, wato mai karɓar ajiyar kuɗi ta kullum, da ke zaga kasuwar Kejetia yana karɓar kuɗin mata, duk sidi goman da aka ba shi nan take yake sa alama a katin mai kuɗin da kuma nasa littafin, ba ya cewa bari sai na koma gida in tuna. In mai susu ya iya, ofishin gwamnati ba shi da uzuri. Kuma in mutum ya kawo takarda da hannunsa, ka buga hatimi a kwafinsa ka sa hannu ka ba shi ya tafi da shi, wannan ɗan hatimin ya raba rigima da yawa a gabana.

Matsalar da za ka fi fama da ita a nan ita ce takardun bayan fage. Mu mutanen zango mun san kanmu, a wurin suna ko ɗaurin aure ko fitowa daga masallaci ake cusa wa darakta ambulan a aljihu, ana cewa Alhaji a taimaka. Shi kuma ya jefa a mota ya manta. Bayan wata 3 mai takarda ya zo yana rantsuwa ya kawo, kai kuma littafinka bai san da ita ba. Ka roƙi manyanka cikin ladabi cewa duk abin da aka ba su a waje su miƙo rajistiri a yi masa lamba tukun, sannan a mayar musu.

Sai fayil ɗin kansa. Magana ɗaya, fayil ɗaya. Kada ka yarda da fayil ɗin nan da ake rubuta wa "abubuwa daban-daban" a goshi, wannan kabari ne, duk abin da ya shiga ba ya fitowa. Kowane fayil da lambarsa da sunansa a bango, kuma akwai jerin sunayen duka fayilolin a wuri guda don kada wani ya buɗe sabo alhali tsohon na nan a kanta. Takardun ciki a huda su a ɗaure da igiyar fayil bi da bi yadda suka zo, tsohuwa a ƙasa sabuwa a sama, kuma kowace ka sa mata lambar shafi a kusurwar sama ta dama, ni da jan biro nake yi. Mutane na raina wannan lambar amma ita ce mai gadi, in ka buɗe ka ga 41 sai 43, ka san an zare 42, kuma wanda ya yi niyyar zarewa in ya ga lambobi yakan yi tunani sau biyu. In fayil ya yi ƙiba har bangon ya fara yagewa, ka rufe shi ka rubuta ranar rufewa, ka buɗe kashi na 2 da lamba iri ɗaya. Ka guji kilif da fil na ƙarfe a takardun da za su daɗe, damshin Kumasi na sa su tsatsa su ci takarda.

Yanzu ga zuciyar aikin, wato fitar fayil daga ɗakinka. Ba ya fita sai an rubuta wa ya ɗauka, yaushe, kuma ya sa hannu, ko a kati ko a littafin fita. In ya bar teburin akanta ya koma na injiniya, sai an sanar da kai ka gyara. Na san ba a yi, don haka ni abin da na ɗauka shi ne duk safiyar Juma'a in ɗauki takarda in bi ofis-ofis ina rubuta lambar duk fayil ɗin da na gani a kan tebur ko cikin tire, in dawo in gwada da littafina. Makon farko an yi ta min tsiya wai na zama ɗan sandan takarda. Amma a wannan zagayen ne na taɓa tsinto fayil ɗin wani direba da ya rasu, wanda matarsa ta yi kusan shekara tana zarya da goyo a baya, ashe yana ƙasan durowar wani babba da aka yi wa canjin wurin aiki, an ɗora masa tsofaffin jaridu da kwalin shayi. Ranar da na kira ta, hannu biyu ta sa ta riƙe bangon fayil ɗin kamar an miƙo mata jariri, ba ta iya karatu ba amma ta gane hoton mijinta da ke manne a shafin farko. Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Kuma dan Allah a daina tafiya da fayil gida ko barinsa a but ɗin mota, in aiki ya yi yawa a zauna a ofis a ƙarasa.

Akwai abin da ya shafe mu mu 'yan zango fiye da kowa, zan ɗan daɗe a kansa: rubutun suna. Mutum ɗaya ne, a gida Ibrahim, malamin firamare ya rubuta Braimah, a asibiti Ibrahima. Husaini ya koma Fuseini, Sa'idu ya koma Seidu, Ishaƙa ya koma Issaka, Abdurrahman ya koma Dramani, Zainabu ta koma Zenabu, A'ishatu ta koma Ayishetu, Muhammadu kuwa kada ma a fara, Mohammed, Muhammed, Mahama, Mahamadu, kowane akawu da nasa. Da can ana lallaɓawa don mutum ne ke duba takarda ya ce ai shi ne. Yanzu kwamfuta ce ke gwadawa kuma ita ba ta san ai shi ne ba, harafi ɗaya ya bambanta ta ce mutum biyu ne. Tun watan Afrilun 2021 lambar Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ta zama lambar haraji, an haɗa ta da ta SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata, da ita aka yi rajistar layukan waya, banki ma ita suke tambaya. Don haka in kana cike wa mutum fom ko buɗe masa fayil, kada ka rubuta da kunne, karɓi katinsa ka kwafa harafi bayan harafi, da jerin sunayen yadda suke, da ranar haihuwa, ka sa lambar katin a bangon fayil. In tsofaffin takardunsa na ɗauke da wani rubutun dabam, kada ka goge kada ka shafa farin fenti, ka bar su yadda suke, shi ya je ya yi takardar rantsuwa, in abin ya kai ga canjin suna a buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ka sa kwafin a fayil, a jerin sunayenka kuma ka rubuta duka biyun, ɗaya na nuna ɗaya. Ranar haihuwa ta fi suna zafi ma. Iyayenmu da yawa ba a yi musu takardar haihuwa ba, ƙiyasi aka yi, sai ka ga fayil ya ce 1964 kati ya ce 1967, kuma ma'aikacin gwamnati a shekara 60 yake ritaya, SSNIT kuma tana son aƙalla wata 180 na biyan kuɗi kafin a ba ka fansho na wata-wata. In ka hango irin wannan saɓanin a fayil ɗin mai shekara 45, ka gaya masa yau, kada ka bari sai ya zo da sanda.

Inda takarda ke kwana kuma, abokan gabanta sanannu ne: ruwa, wuta, gara, ɓera, kyankyaso. Kada kwali ya taɓa ƙasa, kantar ƙasa ta ɗaga daga daɓe ko da taki ɗaya, kada a jingina da bangon da ke tsattsafo, kuma wanda ya san yadda Aboabo ke yi in an yi ruwan sama mai ƙarfi ba sai an yi masa wa'azi ba. Ba a cin abinci a ɗakin fayil, ɗan man wake da shinkafa da ya ɗiga shi ke gayyato ɓera. Wayar wuta da ta tsufa a kai ƙara a rubuce, tukunyar kashe gobara a duba ranar da ke jikinta. A watan Oktoban 2009 gobara ta cinye ginin ma'aikatar harkokin waje a Akra da takardun shekaru masu yawa a ciki, a Disambar 2013 kuma ta kama tsohon ginin majalisa inda hukumar da ke binciken basussukan da kotu ta ɗora wa gwamnati ke zama. In irin waɗannan wuraren sun ƙone, ɗan ɗakinka mai silin ɗin katako fa?

Nan ne yaran yanzu ke cewa ai Kawu sai a zuba komai a kwamfuta a huta. Ina so, wallahi ina so, na ga yadda biyan kuɗin gwamnati ta shafin intanet na Ghana.gov ya rage yawo da rasit na bogi, kuma tun 2008 doka mai lamba 772 ta amince da bayanan da ke cikin na'ura. Amma in ka kwashi hargitsi ka yi masa sikan, hargitsi ka samu a cikin kwamfuta, har gara na kanta don shi ana ganinsa da ido. Ka gyara na takarda tukun. In za ka yi sikan, sunan da za ka ba hoton ya zama lambar fayil da kwanan wata da maganar, shekara a gaba sannan wata sannan rana don su jeru da kansu, ba irin "sabo", "sabo na ƙarshe", "na ƙarshe na gaskiya" ba. Folda-folda su bi tsarin kantarka sak. Littafin shiga ma za ka iya yin tagwayensa a Excel, in mutum ya zo ka buga sunansa cikin daƙiƙa ka gaya masa takardarsa na teburin wane tun ranar kaza, amma ni ban yar da littafin hannu ba ko sau ɗaya, wanda ya ga dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, na 2015 ya san dalili.

Kwafi kuma ya zama uku: wanda kake aiki da shi, ɗaya a wata na'urar ajiya dabam, ɗaya a wajen ginin gaba ɗaya, inda hukuma ta amince. Filash ɗaya da ke rataye a makullin sakatare ba ajiya ba ce. Kuma lokaci-lokaci ka buɗe kwafin ka ga yana buɗuwa, na taɓa ganin an yi shekara ana "ajiya" ranar da kwamfuta ta mutu aka tarar folda babu komai ciki. Kowa da kalmar sirrinsa, kada a manna ta a jikin allo, wanda ya bar aiki a rufe tasa a ranar. Aikin ofis kada ya zauna a imel ɗin mutum na kansa, don ranar da aka yi masa canji ya tafi da tarihin ofis a aljihu. WhatsApp kuwa, na san da shi ake aiki yanzu, darakta na turo umarni da murya yana cikin mota, to in umarnin na kashe kuɗi ne ko ɗaukar mataki a kan wani, ka nemi a biyo shi da takarda a sa a fayil, ranar da odita ya zo ba zai saurari saƙon murya ba, kuma kai ƙarami kai za a bari riƙe da buhu.

Sirrin mutane amana ne, kuma doka ce: dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843. Kai da ke zango za a jarraba ka, wata gwaggo za ta ce duba min albashin wanda ke neman 'yata, aboki zai ce ɗauko min hoton takardar filin wane. Ka ce Gwaggo ki yi haƙuri, aikina zai tafi. Kuma duk mun taɓa sayen ƙosai ko gyaɗa aka naɗe mana a takardar ofis mai ɗauke da sunan wani da lambarsa, har da sakamakon asibiti wani lokacin. Daga irin ɗakinka ta fito.

Wannan ya kawo mu zubarwa. Ba kowace takarda ake ajiyewa har abada ba, in ba haka ba ɗaki ya cika a rasa na kirki a cikin tarkace. Amma ba kai ke yanke hukunci ba, ba darakta ba ma shi kaɗai. Akwai hukumar PRAAD mai kula da takardun gwamnati, wadda ke aiki a ƙarƙashin doka mai lamba 535 ta 1997, ita ta gaji tsohon gidan adana tarihi na ƙasa, hedikwatarta na Akra kuma tana da reshe a nan Kumasi. Ita ke da hurumin tsara wa'adin kowane irin takarda, wanne zai zauna a ofis don ana aiki da shi, wanne za a kwashe zuwa ma'ajiya don an gama amma ana iya nema, wanne za a lalata, wanne kuma ya zama tarihin ƙasa. Kai naka shi ne ka ware waɗanda aka rufe, ka jera sunayensu, maigidanka ya rubuta musu. Kada wani ya ce maka kwashe buhunan nan ka cinna musu wuta a bayan ofis ka yi, ko da ya girme ka, ka ce a ba ka a rubuce.

In ofis ya riƙe waɗannan, amfanin ba ya ɓuya. Odita in ya zo ya ce ina baucan kuɗin kaza da rasit ɗinsa, a minti biyar an ajiye masa, ba sai an ga shugabanku a talabijin gaban kwamitin majalisa yana share gumi ba. Ɗan kwangila ba zai karɓi kuɗin aiki ɗaya sau biyu ba. Fili ɗaya ba zai fita da takarda biyu ba. Sunayen fatalwa ma a inda lissafin mutane ya yi rauni suke yaɗuwa, ko a hukumar hidimar ƙasar da ta turo ka, a Fabrairun 2025 shugaban ƙasa Mahama ya sa a binciki sunaye sama da 80,000 da ake zargin na bogi ne. Sannan ga dokar 'yancin samun bayanai ta 2019, mai lamba 989, wadda ta fara aiki a Janairun 2020: kowa na iya rubuto wa ofishinku ya nemi bayani, wanda bai iya rubutu ba ya faɗa da baki jami'in bayanai ya rubuta masa, kuma cikin kwana 14 sai an ba shi amsa. In aka yi shiru doka ta ɗauka an hana shi, ya kai kuka wurin shugaban ofis, daga nan ya wuce hukumar da ke kula da dokar. Kwana 14 ba za su ishi ofishin da sai an kwance buhu goma kafin a ga takarda ɗaya ba.

Ku kuma 'yan uwa da ke zaune a benci, ku ma da naku. Kada ka ba da takardarka ta asali sai dole, ka yi fotokofi, ka ɗauki hotonta a waya, ka ce a buga maka hatimi a kwafinka, ka tambayi lambar da aka ba takardarka ka rubuta, in ka dawo da lamba za ka yi magana ba da "na zo nan wancan watan na ga wani dogo" ba. Jariri kuma a yi masa rajistar haihuwa kafin ya cika shekara, a lokacin kyauta ne, kuma tun ranar suna a tsayar da yadda za a riƙa rubuta sunan da boko.

Ɗan yayar tawa dai ya kira ni ranar Talata da daddare, ya ce ya sayi babban littafi mai bango mai tauri a Adum da jan biro biyu da kuɗinsa, ya fara zagayen tebur tun kafin Juma'ar ta zo, har ya tsinci fayil 7 da aka ce sun ɓata, biyu a ƙarƙashin firinta aka tokare ta da su. Sai ya ce Kawu, akwai wasu buhuna a bayan ƙofa da ba wanda ya san na mene ne, gara ta fara cin na ƙasan. Na ce ya ɗora su a kan benci tukun, ya sa takunkumi a hanci, ranar Asabar zan zo mu kwance na farko tare.